Albasar Kakan Lawwali

Shekara goma sha ɗaya Lawwali ya yi a Abuja yana gadin wani lambu da ake sayar da furanni a bakin titi. Aikinsa bai wuce ya buɗe ƙofa da safe, ya kori awaki, ya ɗora tukwanen shuka a bayan motar masu saye ba. Amma da mahaifinsa ya rasu ya tattaro ya koma ƙauyensu da ke bayan Lahodu, sai ya dawo da wata hular kaki mai faɗin baki, da baƙin tabarau, da labarin cewa babu tsiron da Allah ya halitta wanda bai san sunansa da na uwarsa ba. In ka nuna masa ganye, kafin ka rufe baki ya ce ya san shi. In ka ce ba haka sunansa yake ba, sai ya dube ka da tausayi ya ce ai kai na ƙauye ka sani, shi kuwa na boko yake faɗa.

Da a baki abin ya tsaya, da an bar shi ya yi ta zuba, don garin ba ya ƙin mai ba shi dariya. To amma akwai maganar saura.

Tsakanin gonar da ya gada, wadda ke yamma, da gonar Goggo Kaltume, wadda ke gabas, akwai wata tsohuwar saura da ta fi shekara talatin ba ta ga hauya ba, har ta zama surƙuƙin geza da sabara da ƙaya, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta shiga. Goggo Kaltume tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, ga jikoki huɗu a gabanta, gonarta kuwa ta gaji ta koma yashi, geron da take bayarwa ba ya kai su watan azumi. Saurar nan ce kaɗai ƙasar da ta huta a wajen, ita take son a sassabe mata. Lawwali na jin haka ya ce tasa ce tun daga farko har ƙarshe. Suka gurfana gaban Maigari Siddiq.

“Ranka shi daɗe, tsoffi sun sa iyaka,” in ji Goggo Kaltume. “Surukina da kakan yaron ga, su biyu sunka sa ta. Ina amarya sa'an nan, ban tahi gona ba balle in gani, amma an hwaɗa min.”

“An hwaɗa mata!” Lawwali ya kwashe da dariya, ya juya yana neman masu taya shi. “Ranka shi daɗe, Abuja in mutum yac ce hili nashi na, takarda aka tambaya. Goggo, ina takarda? Ina dutsi? Ina kututture? Kakana bai sa ma kowa iyaka ba.”

Maigari Siddiq ba mai yawan magana ba ne. Ya ce duk wanda ya nuna masa alamar da hannun mutum ya sa kafin ruwan shuka ya sauka, da ita za a yi aiki. In har ruwa ya sauka ba a nuna ba, Lawwali ya nome saurar, tunda shi ke da ƙarfin sassabe. Tsohuwa ta tashi jiki a sanyaye. Lawwali ya fito yana gyara hula kamar wanda aka naɗa sarauta.

Washegari ya ɗauki ashana. Mutane kan ƙone saura da sanyin safiya, bayan sun share gefe sun tara masu riƙe da ɗanyen reshe. Shi kuwa da rana tsaka ya je, a tsakiyar bazara, shi kaɗai, iska na kaɗawa daga gabas. Malam Obadiah, malamin firamaren garin, mutumin kudancin Kaduna da ya shekara tara a wajen, ya hango shi daga kan keke ya tsaya.

“Malam Lawwali, ka duba iska kuwa?”

“Malam, kai dai dubi allonka. Wuta kimiyya ta.”

Kimiyya ta lashe saurar kafin a kira azahar, sannan ta tsallaka gonarsa ta hau harawar waken da ya jibge a kan gawo, abincin ragonsa na rani gaba ɗaya. Ya ruga yana dukanta da hula, hular ta kama, ta tafi da girarsa ta hagu. Da mutane suka kawo gudummawa suka kashe, sai ya tsaya a cikin hayaƙi yana tari yana yi musu bayani cewa toka taki ce, da gangan ya bar harawar ta ƙone. Babu wanda ya musa masa. Kowa girar yake kallo.

Kwana goma sha biyu bayan gobarar, baƙar ƙasa ta fara toho. Ba ruwa aka yi ba, saiwoyin da ke kwance a ƙasa ne wuta ta tasa, kamar yadda suka saba. Lawwali ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi shela cewa bayan la'asar zai koya wa jama'a sunayen tsirran da ke fitowa bayan wuta, kyauta, don a rage jahilci a garin. Bazara ce, babu aikin gona, ga nishaɗi ya kawo kansa. Maza da mata suka bi shi, har da Laraba mai ƙosai, wadda bakinta ya fi manta zafi, da Goggo Kaltume a can baya tana dogara sanda. Ya jawo ragonsa da igiya don ya yi kiwon sabon toho, tunda ya ƙone masa abinci.

Suka fara da wata ciyawa mai tsini da ta huda toka. Lawwali ya cire tabarau ya duƙa, ya daɗe yana dubawa.

“Wagga shinkahwat tudu ta, irin ta ƙasas Sin. Taushi gare ta kamar katihwa. Ku dubi.”

Ya tuɓe takalmi ya ɗora ƙafa da ƙarfinsa. Ƙarar da ya saki sai da ragon ya firgita.

“Tohwa ta, Lawwali,” in ji Laraba. “Ko jakin garin ga ya san ba a taka ta.”

“Ban ce a taka ta da ƙarhi ba,” ya ce, yana tsalle da ƙafa ɗaya.

Gaba kaɗan suka tarar da wasu furanni ruwan ɗorawa masu faɗi, kwance a kan ƙasa ba ganye ba kara. Ya ware hannuwa ya tare mutane.

“Ku ja da baya! Kak kowa shi taɓa. Dahi na, shina kashe mutum kahin shi kai gida.”

Laraba ta riga ta tsuguna ta tone saiwar da tsinken itace, ta karya ta, cikinta rawaya shar, ta ɗan gutsura ta tauna.

“Rawaya ta. Da ita uwakka, Allah shi jiƙan ta, tay yi ma magani sadda shawara tak kama ka kana yaro, idanunka sunka koma kamag gwaiduwa. Da dahi na, da mun huta tun sa'an nan.”

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Lawwali ya ce ai iri biyu ce, ta Abuja ita ce mai dafin. Don ya wanke kansa ya yi sauri ya tsinko wani tsiro mai siraran ganye da curin ƙananan furanni, ya ce wannan shi ne abincin dabba mafi gina jiki a duniya, Turawa a jirgi suke zuwa nemansa. Ya kai wa ragon baki. Rago ya sunsuna, ya yi atishawa, ya juya masa baya.

“Tururubi ne,” in ji Malam Obadiah. “Yana kashe dabba. Ka gode Allah bai ci ba.”

“Ragon ya hi ubangidanai karatu,” wani ya faɗa daga baya.

Duk wani mai kunya da nan ya tsaya. Lawwali ba ya cikinsu. Ya yi gaba yana ɗingishi, har gefen yamma, dab da gonarsa. A nan ya ga wani koren sandan tsiro ya fito daga toka, tsayin gwiwa, ba ganye, sai tohon fure a kansa. Ya karɓi hauya a hannun wani ya tona don ya ga saiwar. Abin da ya fito sai da ya sa hannu biyu ya ɗago shi: curi fari, ɓawo kan ɓawo, ya kai ƙoƙon fura.

Duk wanda aka haifa tsakanin Wurno da Goronyo ya san wahalar albasa. Sai fadama, sai inji, sai mai, sai ban ruwa safe da yamma, sannan a samu wadda ta kai dunƙulen hannu a yi godiya. Ga wata nan a kan tudu, a tsakiyar bazara, ba wanda ya ba ta ko kofin ruwa, ta ninka waccan sau biyar. Idon Lawwali ya rufe.

“Jama'a!” ya ɗaga ta sama. “Albasa! Albasad da ba ta son ruwa! Na san ta. Abuja manya kaɗai ka cin ta.”

Malam Obadiah ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji sanda ta dungure masa ɗan yatsan ƙafa. Goggo Kaltume ce. Ita ba curin take kallo ba. Ta hango wani sandan tsiron taku huɗu daga ramin, da wani bayansa taku huɗu, da wani, a miƙe sak daga tsamiyar arewa suka nufi kwazazzabon kudu, duk a gefen gonar Lawwali.

Albasar kura ce. Dabba ba ta cin ta, gara ba ta taɓa ta, wuta ba ta kashe ta, sai ma ta tashe ta daga barci. Shi ya sa mutanen dauri suke binne ta a jere a kan iyakar gona, don sun san za ta fi su daɗewa. Matasa sun manta da wannan, amma duk mai furfura a wajen ya gane abin da yake gani. Sai dai akwai matsala biyu. Tana kuma tsirowa da kanta a daji, Maigari kuwa alamar da hannu ya sa ya nema. Sannan in Lawwali ya farga, kafin Maigari ya sa takalmi zai tumɓuke su duka ya zuba a kwazazzabo.

A hanyar komawa, bayan Lawwali ya yi gaba rungume da dukiyarsa, tsohuwa ta tsayar da sauran ta ce, “Dud wanda yab buɗe baki, ban yahe mai ba.” Garin nan bai taɓa riƙe sirri ya kwana ba, amma wannan ya riƙe shi gam, don kowa na son ya ga inda abin zai ƙare.

A gida ya dire curin gaban matarsa Mashkura ya ce a sa a miya. Ta juya shi da ludayi, ta kai hanci.

“Malam, ba ta warin albasa.”

“Albasak ƙauye ka wari. Wagga ta waye.”

“To ta waye can. Tukunyata dai ba ta shiga.”

Ya ce mata baƙauya, ya ɗauki wuƙa ya yanka da kansa. Wani ruwa mai yauƙi ya malalo masa a hannu. Ya share gumin wuya da hannun, ya sosa gurbin girarsa da shi, sannan don ya kunyata ta ya lashi yankan da harshe. Kafin ya ajiye wuƙar ƙaiƙayi ya taso masa tun daga yatsu har ƙeya, leɓensa ya kumbura, harshe ya yi masa nauyi a baki. Mashkura ta miƙa masa man gyaɗa tana danne dariya. Washegari Juma'a ce, ya je masallaci yana susa da hannu biyu, har na kusa da shi a sahu suka bar masa filin mutum uku. Da aka tambaye shi lafiya, ya ce da ƙyar, harshe na karo da haƙora, ƙarfin albasar ne, jikin da ya saba da ta banza sai a hankali.

Ranar kasuwar Goronyo ya naɗe sauran curin a tsumma ya hau mota. Ya wuce kai tsaye rumfar dillalan albasa, inda buhuna ke jere har sama, ya nemi babbansu, wani dattijo mai suna Abdulƙadiri. Ya buɗe tsumman a hankali kamar mai nuna zinariya.

Dattijon ya leƙa sau ɗaya. “Wa yaɗ ɗauko muna albasak kura? Matsa da ita nesa da buhunnana, malam.”

“Sunan ƙauye ke nan. Ka san ko wagga ba ta son ban ruwa?”

“Awo, na sani. Ba ta son ban ruwa, ba ta son miya, ba ta son cikin mutum. Mi yas samu leɓenka?”

Dillalai suka taru, masu dako suka ajiye buhu. Wani ya tambaye shi ko daga wane gari yake, don su san inda ba za su aurar da ɗiyansu ba. Lawwali ya naɗe tsummansa ya fita, ana yi masa ihu har bakin tasha. A mota ya yi ta tunani, kafin su kai Wurno ya gano bakin zaren: tsoro suka ji. Ranar da albasarsa ta cika kasuwa, injinan ban ruwansu sai dai su sayar wa 'yan gwangwan. Ya sauka yana murmushi da rabin leɓe.

Daga ranar ya kama aiki irin wanda bai taɓa yi ba tunda uwarsa ta haife shi. Ya ƙudura cewa saurar duka za ta zama gonar albasa, daga furannin nan zai samu iri. Ya sa gatari ya cire kututturan geza ɗaya bayan ɗaya. Ya kwashe takin da ya tara a gida na shekara guda, wanda gonarsa ta gero ke jira, ya ari jaki ya yi ta jigila mangala bayan mangala yana bazawa a saurar. Ya riƙa ɗauko ruwa a jarka yana bi yana shayar da albasar da ya ce ba ta son ruwa. Mako uku yana wannan, ya rame, tafin hannunsa ya yi kanta.

Goggo Kaltume kan biyo ta wajen da hantsi, ta tsaya ta dogara sanda.

“Sannu da aiki, ɗana. Can gehen gabas kamab bai samu taki sosai ba.”

“Na gani, Goggo, ba sai kin hwaɗa min ba. Ke dai ki yi ta kallo, shi kaɗai yar rage miki.”

Washegari ya ƙara wa gefen gabas mangala shida.

Sai gabas ta fara haɗa hadari da yamma, iska ta canja, kowa ya ciro irinsa yana dubawa. Ruwan shuka bai fi 'yan kwanaki ba. Goggo Kaltume ta shiga gidan Laraba suka yi ƙus-ƙus. Da safe Lawwali ya iso da jarkarsa ya tarar da mata bakwai a saurar, kowace da hauya da kwando, Laraba a gaba har ta fara kewaye gindin wani sandan.

“Kai! Kai! Mi kuka yi nan?”

“Albasad daji munka zo ɗiba. Kai kac ce manya ka cin ta.”

“Tawa ta!”

“Taka? Kai kash shuka ta?” Laraba ta riƙe ƙugu. “Abin da yat tsiro da kainai cikin saura na wanda yar riga na. Rawaya, tahwasa, ɗiyan kanya, wa yat taɓa hana wani? In shukak ka ta, mu aje hauya. In Allah yat tsiro da ita, matsa ka ba mu wuri.”

Gaskiya ta faɗa, haka al'adar take, Lawwali ma ya sani. Ya dubi kwanduna bakwai, ya dubi arzikinsa. Gumi ya keto masa.

“Shuka ta! Kakana yash shuka ta!”

“Baki na. Kowa na da shi.”

“Sai in rantse!”

“Mu ba mu karɓar rantsuwa, ƙosai muka saidawa. Tahi gaban Maigari.”

Ya yar da jarka ya zura da gudu. Ya faɗi gaban Maigari yana haki, ya ce ana yi masa fashi da rana tsaka, a zo a gani da ido, a kuma tara jama'a don a yi ta ta ƙare. Maigari ya dube shi ya ce bayan azahar.

Lawwali bai zauna ba. Don kada a ce bai zo da hujja ba, ya fere turaku ya kafa ɗaya a gindin kowane sanda, ya je gida ya kwance igiyar gugan Mashkura, ya haɗa da ta ragon da igiyar shanya, ya ɗaura daga turke zuwa turke, ya ja ta ta miƙe. Da jama'a suka iso, garin kaf har da masu jego, suka tarar da layi ɗaya tak daga tsamiya ya doshi kudu, ko ma'aikacin safiyo sai haka. Lawwali na tsaye a kansa ya harɗe hannuwa.

“Ranka shi daɗe, dubi da idonka. Abin daji na tsira a jere haka? Taku huɗu, taku huɗu. Ni da kaina na auna.”

“To wa yas sa ta?” in ji Maigari.

“Kakana. Da hannunai.”

“Ka tabbata? Ba tsuntsu ba, ba iska ba?”

“Wane tsuntsu ya iya awo? Wallahi tallahi hannu yas sa ta. In ƙarya nika yi, kak in ga damana.”

“Mi yas sa mutum zai shuka albasa layi guda, tun daga tsamiya, shi bas sauran hili?”

“Tazara ta zamani ke nan, ranka shi daɗe. Kakana ya riga lokacinai wayewa. Gado niy yi.”

Wani tsoho ya toshe bakinsa da hula. Malam Obadiah ya juya yana duban sama kamar mai lissafin hadari. Maigari ya bi igiyar a hankali, jama'a na biye, har inda ta ƙare a turken ƙarshe, saura kamar taku goma sha biyu a kai kwazazzabo.

“Nan tat tsaya?”

“Ina! Akwai sauran ukku da ba wanda yag gani sai ni.” Lawwali ya tsallaka cikin gonarsa ta gado da sauri, ya share ƙasa da ƙafa ya nuna wasu ƙananan toho guda uku da suka ratsa kusurwar gonar, inda hauyar mahaifinsa ta yi shekaru tana sare musu kai. Ko Goggo Kaltume ba ta san da su ba. “Sai mai ido, ranka shi daɗe. Igiya ta ta ƙare min.”

Laraba ta kwance ɗankwalin da ta yi ɗamara da shi ta miƙa masa. Wata ta ba da majanyi. Ya ƙulla, ya ja layin da hannunsa ya ratsa kunya biyar na gonarsa har bakin kwazazzabo, ya buga turken ƙarshe da dutse, ya miƙe yana kaɗe hannu.

Maigari ya juya ga jama'a. “Kun ji abin da yac ce?”

“Mun ji!”

“Kun ga inda yaj ja?”

“Mun gani!”

“To, alhamdu lillahi. Na ce a nuna min alamad da hannun mutum yas sa kahin ruwa shi sauka. An nuna. Wagga albasak kura ta, Lawwali, da ita tsoffinmu ka sa iyaka. Yamma da igiya naka na. Gabas da ita na Kaltume na.”

Lawwali ya dubi gabas da igiya: saurar duka, a sassabe, a share, baƙi ƙirin da takinsa, da kusurwar gonar ubansa a kai. Ya dubi yamma: gonar da bai kai wa ko mangala ɗaya ba. Ihun da aka yi sai da tsuntsaye suka tashi daga tsamiya.

“Ranka shi daɗe, tsaya! Da kanta tat tsiro! Na tuna yanzu, Abuja ma haka taka yi, a jere!”

“Ka rantse gaban gari.”

“To kunya biyat ɗin ga hwa? Waɗanga ukkun ba albasa ba ta, wata ciyawa ta daban!”

“Kai kac ce sai mai ido,” in ji Laraba.

“Takina hwa? Mangala arba'in da ɗaya!”

“Wa ya aike ka?” in ji Maigari, ya kaɗe rigarsa ya juya.

Mutane suka fara watsewa, wasu na kwaikwayon tsallen da ya yi a kan tofa, wasu na auna taku huɗu-huɗu suna ƙirgawa da ƙarfi. Lawwali ya tsaya shi kaɗai. Da ya rasa abin yi sai ya duƙa zai kwance igiyarsa, ko ita ya tsira da ita. Sanda ta sauka a hankali a kan ƙullin.

“Bar min ita hal in gama shuka, ɗana,” in ji Goggo Kaltume. Hawaye ne a idonta, amma muryarta ba ta rawa. “Idona ba shi gani sosai. Ban son in ci ma iyaka.”